Ranar da Kwando Ya Tsallake Kwala

A kamfanin ɗinkin nan ba a kiran mace da sunan da aka raɗa mata. Abin da kike ɗinkawa a jikin riga, shi ne sunanki. Mai ɗora aljihu Aljihu ce, mai ɗora hannu Hannu, can ƙarshen layi ga Kalmasa ga Maɓalli. Har gida sunan ke bin su. An ce wata rana mijin Aljihu ya zo bakin ƙofa nemanta, ya faɗi sunanta na yanka sau uku maigadi yana girgiza kai, sai da bawan Allah ya haƙura ya ce Aljihu yake nema, sannan aka fito masa da matarsa.

Wadda zan ba ku labarinta Kwala ce. Shekara shida tana ɗora wa riguna kwala, aikin da kowa a layin ke gudu, don hannu in ya ɗan karkace ba mai lura, amma kwala in ta kauce da faɗin zare ɗaya tun daga nesa ake hango ta a wuyan mai riga.

Bari in gaya muku yadda aikin yake, don ku fahimci sauran. Kekunan ɗinki goma sha biyu ne a jere, kowace mace da nata. Riguna na tafiya goma-goma a cikin kwando, daga hagu zuwa dama. Kin gama naki, ki tura wa ta gaba. In ɗaya ta tashi, na bayanta kwanduna su rufe su, na gabanta kuma su zauna suna kallon yatsunsu. Shi ya sa tashi ɗaya ake yi, ƙarfe ɗaya na rana, rabin awa, a ci abinci a yi salla a zaga, a dawo. Anti, shugabar layi, tana tsaye gaban allo da alli a hannu, kowace awa ta rubuta rigunan da suka fita. Ɗari huɗu ake so kafin ƙararrawar ƙarfe biyar.

To, Kwala ta haihu, namiji. Inna, mahaifiyarta, ta tattaro kayanta ta dawo gidan don reno, kuma ita ta sa masa Kumatu, don a lokacin kumatun ake fara gani kafin a ga yaron. Saura sati biyu hutun haihuwa ya ƙare suka gwada masa madarar gwangwani wai don ya saba. Ai kuwa yaro ya nuna musu shi ba a yi masa haka. Amai, gudawa, ƙuraje tun daga wuya har cinya. Suka canja wata, abin ya fi na farko muni. Nas ɗin da ke awon yara ta duba shi ta ce su rufa wa kansu asiri su bar gwangwani, cikinsa ba ya karɓa. Nonon uwarsa kaɗai har ya cika wata shida. Ta koya wa Kwala yadda za ta tatsa da hannu a kwalba mai tsabta, ta koya wa Inna yadda za ta ba shi da ƙaramin cokali. Sannan ta ja wa Kwala kunne. Nono, ta ce, yadda ake cire shi haka yake zuwa. In kika bar shi ya wuni a ƙirji, jiki zai ɗauka ba a bukatarsa, ya janye.

Barin aiki kuwa ba ya cikin maganar. Maigidanta malamin makaranta ne, kuma su biyu ne ke riƙe da gidan, in ɗaya ya saki ɗayan ba zai iya ba.

Haka ta koma. Da asuba ta tatsi kwalba guda ta bar wa Inna, ta ba yaro ya sha ya ƙoshi, ta fita. Da rana, in an tashi ƙarfe ɗaya, ta ruga banɗaki da wata kwalbar a cikin mayafi. Ƙofa uku ce, mata sittin. Tana tsaye tana tatsa ana buga mata ƙofa, wata na tambaya ko ta mutu ne a ciki, wata na cewa in barci take yi ta fito a ba ta tabarma. Ɗan abin da ta samu a minti goma ta sa a jaka, jakar kuma a ƙarƙashin keke take wuni cikin zafin nan. Kafin ta kai gida ya yi tsami. Kwana uku tana kai wa Inna nonon da ba ya shayuwa, daga nan ta fara tatsa tana zubarwa a wurin wanke hannu, tana kawar da kai don kada ta gani.

Ba ta gaya wa kowa ba, kuma ba wauta ba ce. Bara wata a layi na biyu ta nemi a riƙa ba ta lokaci saboda goyo, aka ce ta je gida ta yaye a natse. Da ta dawo ta tarar da wata a kan kekenta. Saboda haka Kwala ta kama bakinta. Ƙyallayen da ake yankewa daga yadi ta riƙa tsinta tana ninkewa tana cusawa a rigar nono, in sun jiƙe ta faki ido ta canja. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ƙirjinta ya yi tauri kamar dutse, wajen ƙarfe uku har hammata take jin zafin, amma ƙafarta ba ta sauka daga kan keke ba.

A sati na uku maganar nas ta fara tabbata. Kwalbar asuba da ke cika ta koma rabi. Kumatu kan shanye ta kafin azahar, daga nan sai kuka har yamma. Inna ta goya, ta sauke, ta yi rawa, ta yi waƙa, ta zaga da shi tsakar gida har ƙafafunta suka kumbura. Ranar awo aka ɗora shi a sikeli, nas ta duba kati ta sake duba sikeli, ta ce bai ƙaru ba ko kaɗan. Da suka dawo gida Inna ta kwance goyon ta dubi 'yarta.

"'Yar nan, ni ban ce ki bar aiki ba. Amma dubi wuyansa. Wannan yaron da na sa wa Kumatu, yanzu in baƙo ya ji sunan dariya zai yi mini."

Kwala ta karɓe shi ta zauna bakin gado. Yana ja yana saki yana kuka, yana ja yana saki.

Ana cikin haka kamfani ya samu aikin fararen riguna na ma'aikatan wani otal. A ƙarshen layi akwai teburin guga, mai shi kuma wata dattijuwa ce da kowa ke kira Iya Mai Guga, ta haifi bakwai ta aurar da biyar, bakinta kuma ba ya jin tsoron kowa. Ranar Litinin da hantsi ta ɗora dutse a kan wata kwala fara sol, tana ɗagawa sai ga ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa sun fito, kamar an yayyafa shayi. Ta gaba ma haka. Kafin a ankara riga ashirin da uku na jibge gefe, duk da tabo a kwala, kuma abin mamaki, kafin guga ba a ganin komai.

Anti ta kira Manaja. Shi Manajan nan ba mugu ba ne, mutum ne dai da lissafi ya cinye. Ko gaishe shi kika yi sai ya duba agogo kafin ya amsa. Ya ɗaga riga ɗaya ya ce man keke ne, kuma tunda a kwala yake, keken Kwala ne ke yoyo. Aka tsayar da layi aka kira Bakanike. Bawan Allah ya kwance keken nan kaf, ya shimfiɗa farin ƙyalle ya taka, ya sake takawa, ko ɗigo. Ya rantse, ya sake rantsewa, ya ce shekararsa goma sha biyar yana gyaran kekuna ba a taɓa kama shi da yoyo ba. Manaja ya ce to yau an kama, ya tattara kayan aikinsa ya same shi a ofis. Kowa ya san abin da samu a ofis ke nufi.

Kwala na tsaye gefe tana jira a mayar mata da kekenta, sai ta ji ana kallonta. Iya ce. Ba fuskarta take kallo ba, ƙirjinta take kallo. Ita tun rigar farko ta ji ƙaurin a hanci ta gane, ta dai yi shiru. Kwala ta sunkuyar da kai ta ga gaban rigarta ya jiƙe, ƙyallayen sun daɗe da cika. Nan take ta tuna. Duk mai ɗora kwala, in ta gama, ɗaga rigar take yi ta danna a ƙirji, ta haɗa bakin kwalar biyu ta ga ko sun yi daidai. Sau ɗari huɗu a rana take yin haka, har ba ta sanin tana yi.

Bakanike ya rufe akwatinsa. Da ta yi shiru, da ya tafi da laifin.

"Yallaɓai, a ƙyale shi," in ji Kwala. "Ba mai ba ne. Nono ne."

"Wa ya shigo da shi? Ban hana ci da sha a kan keke ba?"

"Yallaɓai," in ji Iya daga teburinta, "wannan ba irin wanda ake bari wurin maigadi ba ne."

Wata ta ƙyalƙyale da dariya ta toshe baki. Manaja ya dubi Kwala, ya gane, ya yi maza ya mayar da idonsa kan fankar sama, kunnuwansa kamar za su kama da wuta. Iya ta kwashe rigunan ta ce a bar mata su, ta san abin da ke fitar da shi, ba yau ta fara ba.

A ofis Kwala ta faɗi komai, tun daga gwangwani har sikeli. Ta ce minti ashirin take roƙo, sau biyu, ƙarfe goma sha ɗaya da ƙarfe uku. Manaja ya saurare ta har ƙarshe, ya ce wallahi ya tausaya, shi ma uba ne. Amma in ta tashi minti arba'in, mata goma sha biyu ne suka tashi minti arba'in. Layi ba ya tsayawa don mutum ɗaya. Ko dai ta nema wa yaro wata hanya, ko ta je gida har ta yaye. Ya ba ta zuwa ƙarshen sati ta yi shawara.

Da aka tashi ƙarfe ɗaya ba ta iya cin komai ba. Ta zauna a bencin bayan kamfani, matan layinta suka zagaye ta da kwanukansu. Aljihu ta fara da faɗa, wai sati uku tana zaune kusa da mutane tana shan wannan azaba ba ta buɗe baki ba, su dodanni ne? Maɓalli ta ce ita da ma ta lura ƙyallaye na ɓacewa, ta ɗauka Kwala filo take haɗawa. Hannu kuwa abincinta take ci. Ita ke zaune dama da Kwala, ita ke karɓar kwandonta, mace ce marar yawan magana mai yawan tauna. Sai da ta cinye abincinta tas ta rufe kwano.

"Wai ni, wa ya ce sai an ɗora kwala ake ɗora hannu?"

Anti, wadda ke zaune nesa kaɗan tana yi kamar ba ta ji, ta ce haka mutumin da ya kafa kekunan ya tsara, shekara goma sha ɗaya ke nan. Hannu ta tambaya ko mutumin ya taɓa ɗinka riga. Ta ce kwala a wuya take, hannu a kafaɗa, ba abin da ya haɗa su. In Kwala ta tashi, kwando ya tsallake kekenta ya zo wurinta, ta ɗora hannu, na gaba su yi nasu har kalmasa, sannan a dawo wa Kwala da shi. Ba wadda za ta zauna.

Anti ta matso da bencinta. Ta ce to an ji, layi bai tsaya ba, amma aikin minti arba'in na nan jibge yana jiran mace ɗaya. Aljanu za su ɗinka mata? Nan fa aka shiga tsefe aikin Kwala ɗaya bayan ɗaya, ita tana nunawa da mayafinta. Ta ninka kwala biyu ta nemo tsakiya ta sa alli. Ta ninka wuyan riga ta sa alli. Ta soka tambarin kamfani. Ɗinki na farko, ta juya, ɗinki na biyu, ta yanke zare.

Maɓalli ta ce ita kekenta da kansa yake aiki, rabin wuni zaman gulma take yi, a ba ta kwalolin da safe ta sa musu alli. Kalmasa ta ce an daɗe ana neman abin da zai rufe wa Maɓalli baki, yau Allah ya kawo. Ita kuma ta ɗauki yanke zare, tunda almakashi ba ya barin hannunta. Aljihu ta ce tambari ai ɗinki ɗaya ne, za ta manna shi lokacin da rigar ke wurinta. Abin da ya rage wa Kwala ɗinki biyu kawai.

Anti ce ta kai wa Manaja maganar. Ta daɗe a ciki. Da ta fito ta ce ya yarda da kwana ɗaya, Laraba. In allo ya nuna ɗari huɗu, a ci gaba. In ya gaza ko da riga ɗaya, kada wadda ta sake tayar masa da zancen. Ta kuma karɓo makullin siton yadi, mai ƙofa da sakata, aro na wuni ɗaya.

Laraba ta zo. Iya ta shigo da kula cike da ƙanƙara ta ajiye ƙarƙashin teburinta. Ƙarfe goma sha ɗaya daidai Kwala ta ɗaga ƙafa daga keke ta miƙe, mata sittin na kallonta, don tunda aka buɗe kamfanin ba a taɓa ganin mace ta tashi a wannan lokaci ba sai in suma ta yi. Ta shiga sito ta sa sakata, ta zauna a kan wani ɗaurin yadi, ta wanke hannu da ruwan da ta zo da shi, ta buɗe kwalba.

Nono ya ƙi zuwa. Ƙirji cike, amma ko ɗigo. Ta matsa, ta sake matsawa, kunnenta na wurin kekuna, tana ƙirga kwandunan da ke taruwa. Minti biyar, minti goma. Gumi ya karyo mata. Ta fara tunanin ta rufe kwalbar ta koma, a ce an gwada.

Sai aka ƙwanƙwasa. Iya ce, da ɗan tawul da ta jiƙa ta bi da dutsen guga, yana tururi. Ta ce ta ɗora a ƙirji, ta kuma daina sauraron kekunan mutane. Ta tsaya a bakin ƙofa ta juya mata baya tana tambayarta yadda Kumatu ke yi in ya ga nono, ko irin masu gurnani ne, ko masu kama gashin uwa. Kwala ta ce shi ƙafarsa ɗaya yake ɗagawa sama yana juya ta, kamar mai taka keke. Tana faɗa tana dariya, sai ta ji abin ya sako, zirr, yana buga gindin kwalba.

Ta fito da kwalba kusan cike, ta makara da minti bakwai, ta kuma tarar da abin da ba a shirya ba. Kwando ya tsallake ta lafiya lau, an ɗora hannu, an yi gefe. Amma hannun da ya shekara goma sha ɗaya yana tura kwando dama ba ya koyon hagu a safiya ɗaya. Kalmasa ta gama nata ta tura gaba kamar kullum, Maɓalli ta buga maɓallai ta tura gaba kamar kullum. Riga ashirin suka isa teburin guga ba kwala, kuma daidai lokacin Manaja ya fito zagaye. Yana tsaye ya ɗaga ɗaya da yatsu biyu, wuyanta a sake.

"Wannan fa?"

"Sabon yayi ne, Yallaɓai," in ji Maɓalli. "Otal ɗin akwai zafi."

Bai yi dariya ba, amma bai ce a tsaya ba. Anti da kanta ta ajiye alli ta kinkimo kwandunan biyu ta dire su gefen Kwala, ta ɗauko wani jan ƙyalle ta ɗaura a hannun kwando, ta ce duk mai jan ƙyalle baya zai koma, wadda ta sake tura shi gaba ita za ta sa rigar ta tafi gida da ita.

Ƙarfe ɗaya allo ya nuna an gaza abin da aka saba da riga ashirin da biyar. Ba wadda ta yi wasa a benci ranar. Kwala ta ci abinci don Iya ta tsaya a kanta, ta kuma shanye ruwa kofi biyu don an ce sai ta sha.

Bayan an dawo ne abin ya fara nuna kansa. Ta ɗauko kwala, alli na jiki. Ta ɗauko riga, tambari na jiki. Ta ɗora, ta taka, ta juya, ta taka, ta jefa. Ashe duk shekarun nan rabin lokacinta ba a ɗinki yake tafiya ba, a ninke-ninke da lalube almakashi yake tafiya. Tsibin da ke gefenta ya fara narkewa. Kafin ƙarfe biyu da rabi Hannu ta ce mata ta sassauta, ita ba inji ba ce.

Ƙarfe uku ta yi, Kwala ta saci kallon allo. Har yanzu da saura. Ta yi kamar ba ta ga agogo ba, ta jawo wani kwandon. Anti ta zo ta dafa kan keken.

"Tashi."

"Anti, bari in ƙarasa wannan. Yau kaɗai, in mun wuce..."

"In ba ki tafi ba, me muke gwadawa? Gobe ya ce ai sau ɗaya ma ya ishe ki. Tashi, ƙanwata."

Ta tashi. Wannan karon tana zama ya zo, ko tawul ba ta nema ba. Minti goma sha takwas ta dawo, kwando biyu masu jan ƙyalle na jiranta a inda ya kamata. Daga nan har ƙararrawa ba a ƙara jin muryar kowa ba sai ta kekuna, har Maɓalli.

Ƙarfe biyar Anti ta ƙirga na ƙarshe ta rubuta a allo, ta ja layi biyu a ƙasa. Ɗari huɗu da goma sha ɗaya. Manaja ya ce bai yarda ba, ya naɗe hannun riga ya ƙirga da kansa, ɗauri bayan ɗauri, yana jiƙa yatsa. Ya kuma zaro kwala biyar daga tsakiya ya haɗa bakinsu ya ga ko an yi ha'inci. Matan na tsaye da jakunkuna a kafaɗa, ba wadda ta motsa. Ya miƙe ya share gumi, ya tsaya yana kallon allo, kuna ganinsa kun san lissafi yake yi.

Da ya buɗe baki sai ya ce madalla, a ci gaba da wannan tsari. Kuma tunda ashe layin na iya ɗari huɗu da goma, daga gobe ɗari huɗu da goma ake so.

Kun ji fa. Aljihu ta ce da ta sani da ta yi tafiyar hawainiya da yamma. Kalmasa ta ce wato su suka haƙa, shi ya sha. Hayaniya ta kaure, sai Iya ta ɗaga hannu. Ta ce Yallaɓai ya yi magana, su ma za su yi tasu. Ɗari huɗu da biyar, ba goma ba, don yau da tsoro aka yi aiki, kuma ba a wuni da tsoro kullum. Makullin sito ya zauna wurin Anti, na duk mai goyo ne a layi biyar ɗin nan, ba na Kwala kaɗai ba. Sannan ita ba za ta riƙa jigilar ƙanƙara da tsufanta ba alhali akwai firiji a ofis.

Manaja ya ce firijin nasa ne, ruwansa da lemonsa ke ciki.

"Lemo ba ya tsami, Yallaɓai. A matsa masa gefe."

Ya dubi matan, ya dubi allo, ya ce ɓangaren ƙasa kawai, kuma a riƙa rubuta suna a jikin kwalba, kada wata rana ya yi kuskure. Bakanike, wanda ke tsaye can baya, ya ce shi zai kawo abin rubutun. Sai a lokacin aka yi dariya, har da Manajan, kaɗan.

Kada ku ɗauka nono ya dawo washegari. Jiki ba ya mantuwa da wuri. Kwana uku na farko kwalbar asuba na nan a rabinta, sai dai yanzu akwai biyu na rana da ke zuwa gida da sanyinsu. A kwana na biyar ta lura ta wuce rabi. Ran nan Hannu ta yi zazzaɓi ba ta zo ba, wadda aka sa a madadinta ta rikita kwanduna, allo ya tsaya a ɗari uku da casa'in, Manaja ya yi ta huci. Washegari suka cike masa har da ƙari, ya yi shiru.

Ranar kwana na goma Kwala ta dawo da yamma, rana ba ta faɗi ba. Tun daga ƙofa ta ji gidan shiru, ta ƙara sauri. Ta tarar da Inna zaune a tabarma ta miƙe ƙafafu, Kumatu kwance a cinyarta yana barci baki buɗe.

"Yau angon nan nawa ya yi mini wulaƙanci," in ji Inna. "Na kai cokali ya ture. Na sake kaiwa ya kawar da kai, ya yi mini gyatsa a fuska."

Ta nuna da haɓa. Kwalba ce a cikin kwanon ruwan sanyi, da saura a gindinta kamar yatsa biyu. Kwala ta ɗauka ta ɗaga tana kallo, ta daɗe ba ta ajiye ba. Inna ta tambaya nawa ta kawo yau, ta buɗe jaka ta nuna mata, biyu cike har wuya. Inna ta ce to a gaya wa malam ya nemo ƙarin kwalabe, waɗannan sun yi kaɗan.

Maganar ce ta tashe shi, ko ƙamshin uwar ne, oho. Ya buɗe ido, ya ga Kwala, ya fara cusa kai yana wutsil-wutsil zai sauka daga cinyar kakarsa.

"Kin gan shi ko? Yanzu ya gama ce mini ya ƙoshi." Inna ta ɗago shi ta miƙa mata. "Ungo abinki. Wuni guda ina masa bauta, yana ganinki ya manta da ni."

Kwala ta ajiye jaka ta zauna nan ƙasa, ko takalmi ba ta cire ba, ta karɓe shi.